Shekarar da Aka Kwashe Ƙasar Gidanmu

Babana tsohon soja ne. Ya shiga soja yana saurayi lokacin yaƙin basasa, ya dawo da tabo a cinya da kunnen hagu wanda ba ya ji sosai, ya koma noman gero da wake a ƙauyenmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. Bai cika ba da labarin yaƙin ba. Idan samari suka matsa masa, sai ya ce musu ba abin da ya gani can sai ruwan sama da yunwa da gawarwakin mutanen da bai san laifinsu ba. Amma akwai abu ɗaya da ba ya gajiya da zancensa, wato makamin ƙare dangi.

A rediyo ya tsinci wannan damuwa. Bayan la'asar yakan zauna a zaure, ya manna rediyon a kunnensa na dama, kuma da zarar an ambaci ƙasashen da ke takaddama a kan nukiliya sai ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ya san waɗanda suka mallake shi da waɗanda ke ɓoye nasu da waɗanda ake hanawa. Yakan bayyana wa duk wanda ya zauna kusa da shi yadda abin yake: haske mai makantarwa, zafin da ke narkar da ƙarfe, gari guda ya zama toka kafin mutum ya gama alwala. Sannan ya rage murya ya ce ba wannan ne mafi muni ba. Mafi muni shi ne gubar da ke saura a cikin ƙasa da ruwa, ba a ganinta, ba a jin warinta, tana bin 'ya'yan da ba a ma haifa ba tukuna.

Ra'ayinsa shi ne dole mu ma mu mallaki namu. Ya ce ya ga yadda ƙasar nan ta kusa tsagewa gida biyu a gaban idonsa, kuma ƙasar da ba ta da abin da za ta tsorata manya da shi, ranar da suka ga dama za su share ta. Inna kuwa, idan ta jiyo shi daga tsakar gida, takan ce, "Malam, mu da ko rijiyar burtsatse ba mu da, wa zai ɓata bam ɗinshi a kanmu?" Shi kuma ya ce mata harkar duniya ba a madafa ake saninta ba.

Yana da amini, wani Bafillace da rugarsu ke bayan rafi, muna ce masa Baffa. Tun suna samari suke tare. Kowace kaka shanunsa ne ke cin karan gonarmu su bar mana taki, matarsa ta kawo nono Inna ta auna mata gero. Ranar kasuwa yakan biyo ta zaurenmu su sha fura, Baba ya ɗora masa labarin bam. Baffa yakan saurara har ƙarshe don ladabi, sannan ya ce shi dai abin da ke hana shi barci burtali ne da ke ƙara tsukewa kowace damina, da kuma yaran yanzu, na gari da na ruga, da ba su san iyayen juna ba. Baba yakan ce wannan ai ƙaramar magana ce, ta maigari ce da ardo, zama ɗaya za a yi a kashe ta.

Ni ce nake jin daɗin zancen Baba fiye da kowa, don na yi sakandare a Gummi, na kuma ga hoton abin a littafi, hayaƙi ya tashi sama ya baje kamar laima. Sau da yawa ya sa ni na kwatanta masa hoton. Da na gama karatu aka yi mini aure a ƙauyen, katanga ɗaya ta raba gidan mijina da na iyayena, har ƙofa aka huda a tsakani. Da na haifi 'yata ta fari, Baba ya raɗa mata amaryata, yana ta yi wa Inna tsiya cewa ta tsufa, ya samu sabuwa.

A waɗannan shekarun ne haƙar zinari ta kankama. Tun da can an san akwai shi a duwatsun yankinmu, amma sai da darajarsa ta tashi kowa ya waiwaye shi. Maza suka riƙa shiga ramuka suna ɗebo duwatsu a buhuna, a kawo gida a farfasa, a kai injin niƙa, a dawo da garin a wanke a shanya. Mijina ma ya shiga, kamar kowane magidanci mai ƙarfi a jika. Mu mata muna taya su daka a turmi, muna shanya garin dutsen a tabarma a tsakar gida, yara na rarrafe a gefe, suna tsintar abin da ya faɗi suna kaiwa baki kamar yadda yara ke yi. Ba zan ce ba mu ga amfani ba. An yi rufin kwano, an sayi babura, gidajen da a da ake cin tuwo sau ɗaya suka koma dafa shinkafa. Har yau ba na iya ɗora wa kowa laifi, domin babu wanda ya sani.

Da bazara ta shigo sai yara suka fara ciwo. Amai, ciwon ciki, kasala, daga nan sai jijjiga, idanu su kafe. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce ta ratsa garin. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sayo allurai daga kemis. Manya lafiyarsu ƙalau, ƙanana ne kawai ke tafiya, waɗanda ake goyo da waɗanda aka yaye ba da daɗewa ba. Labari ya zo cewa haka ake yi a Abare da wasu ƙauyuka, daga baya har da Bagega.

Baba ba ya fashin zuwa jana'iza. Wata rana da hantsi ya dawo daga maƙabarta, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna bai ko cire takalmi ba. Na ji yana gaya mata cewa ya ga mutuwa a bakin daga, amma can manya ne ke faɗuwa. Bai taɓa ganin wuri da aka jera ƙananan kaburbura haka ba, ko mutum ɗaya ya isa ya ɗauki gawar. Ranar bai kunna rediyo ba.

'Yata a lokacin ta fara tafiya, tana kiran Kaka, tana kiran akuya. Sai na ga ta daina. Ta koma kwanciya, ko an ba ta nono sai ta kau da kai. Wata safiya ina wanke-wanke na ji Inna ta ƙwala mini kira, na tarar da yarinyar a hannunta jikinta na karkarwa, haƙoranta a datse. Wasu maƙwabta suka ce a kira mai magani, asibiti ba ya iya wannan. Baba ne ya tsaya ya ce wa mijina ya tada babur. Na goya ta, na hau baya, muka kama hanyar Anka, ina jin zafin jikinta a gadon bayana ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Mun yi sa'a, a daidai lokacin wasu likitoci 'yan agaji sun iso yankin, namu da na ƙasashen waje, an ware wuri domin yaran. Suka ɗebi jininta. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa: dalma ce. Duwatsun da ake kawowa gida cike suke da ita, idan an niƙa sai ta zama gari ta bi ƙasa, ta bi hannun yara, ta shiga jini, ta hau ƙwaƙwalwa. Na tuna tabarmar da nake shanya garin, da inda nake ajiye yarinyar a inuwa kusa da ita don in riƙa ganinta. Ban yi kuka a lokacin ba. Na dai tambaye ta ko za ta tashi, ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, sauran na Allah ne.

Mun daɗe a wurin. Maganin ƙwayoyi ne da ake buɗewa a zuba a ɗan abu mai zaƙi a lallaɓa yaro ya haɗiye. Baffa ya riƙa aiko da nono ta hannun masu babur, don ya ji an ce abinci mai kyau na taimakawa, duk da shi ma ya yi asarar shanu da suka sha ruwan kududdufin da ake wankin zinari a ciki. A hankali jijjigar ta tsaya. Amma likitoci suka ce ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai an kankare ƙasar gidajen an zubar, an kawo wata.

A nan ne gardama ta tashi a ƙauye. Ban halarci taron ba, mijina ne ya ba ni labari. An taru a ƙofar gidan maigari, masu aikin suka yi bayani, mutane suka ƙi. Wasu suka ce dabara ce ta hana su haƙo. Wasu suka ce baƙin sun gano akwai zinari a ƙasar ne suke so su kwashe. Wasu kuma suka ce ba za a shigar musu da ƙarti cikin iyali ba. Akwai ma waɗanda suka rantse ba su taɓa kai dutse gida ba. Wani dattijo ya ce shi a kan wannan ƙasa aka haife shi, a kanta ya tsufa, ta yaya yau za a ce ta zama guba, ga ta nan ba ta canja kala ba.

Mijina ya ce sai Baba ya miƙe, ya tambayi wanda ke riƙe da na'urar gwajin ƙasa ko wannan guba irin ta makamin ƙare dangi ce. Mutumin ya ce a'a, ba iri ɗaya ba ce ko kaɗan, amma ita ma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta, za ta zauna nan har jikoki idan ba a kwashe ta ba. Baba ya juya ga jama'a.

"Shekara da shekaru ina gaya muku akwai gubar da ba a gani, kuna yi min dariya," in ji shi. "Na ɗauka daga sama za ta zo muna, cikin jirgi. Ashe a buhu munka ɗauko ta da hannunmu. Ku fara da gidana."

Ranar da za a yi aikin na bar yarinyar a wurin wata 'yar garinmu da ke jinyar nata ɗan a gadon kusa da namu, na zo. An fitar da komai waje, gadaje, tukwane, akwatunan Inna. Mutumin ya riƙa bi yana ɗora na'urar a ƙasa, wata aba kamar ƙaramar bindiga, yana dubawa yana yin alama. Samarin garin ne aka ɗauka aikin, da diga da shebur da baro. Baba ya karɓi shebur ɗaya, aka yi aka yi ya bari ya ƙi, sai da cinyar ta hana shi.

Inna tana gefe tana kallo har aka iso bayan ɗakinta. A nan ta tare su. Wurin ne aka binne cibiyarmu mu duka, tawa da ta 'yan'uwana, har da ta waɗanda ba su rayu ba. Ta roƙi a bar mata wannan ɗan wurin. Mai na'urar ya gwada, ya nuna wa Baba, ya ce nan ya fi ko'ina, saboda nan rana ta fi faɗawa, nan ake shanya. Baba bai yi mata faɗa ba. Ya matsa kusa ya ce da ita a hankali, "Waɗanda ke ƙarƙashi ba su buƙatar ta. Amaryata ka buƙatar a kwashe ta." Inna ta ja mayafinta ta shiga gidana ta ƙofar tsakani, ba ta fito ba sai da aka gama. Turminta ma, wanda ta zo da shi gidan tana amarya, aka haɗa da shi aka zubar.

Aka kawo jar ƙasa daga nesa aka baza. Da na tsaya a tsakiyar gidan da aka haife ni sai na ji kamar na shiga gidan baƙi. Duk ƙananan alamomin da ƙafa ta sani, ɗan kwarin da ruwa ke taruwa, wurin da murhu ya ƙona ƙasa ta yi baƙi, babu ko ɗaya. Bayan namu da na mijina, gidaje suka riƙa yarda ɗaya bayan ɗaya. Aka mayar da niƙa da wanki bayan gari, maza suka koyi yin wanka da canja kaya kafin su shigo. Ba kowa ya riƙe wannan ba, amma ƙananan kaburbura sun daina ƙaruwa.

'Yata ta dawo gida da ƙafafunta. Sai dai ba ta dawo yadda ta tafi ba. Magana ta yi mata nauyi, hannunta na dama yana ɗan rawa, abin da aka koya mata yau sai an sake gobe. Baba yakan zaunar da ita a zaure ya yi ta nanata mata sunayen abubuwa, tabarma, buta, carbi, ba ya gajiya.

Mun ɗauka mun ga iyakar jarrabawa. Bayan wasu shekaru sai satar shanu ta fara, da farko jefi-jefi, sannan da bindigogi da rana tsaka. Garken Baffa na cikin na farko da aka kora. Sai samarin gari suka kafa 'yan sa-kai, su kuma ba sa bambanta ɓarawo da wanda aka yi wa sata, duk wanda ya fito daga ruga abin zargi ne. Aka fara tare mutane a kasuwa. Waɗanda aka kashe wa iyaye suka shiga daji, suka dawo da makamai, suka faɗa wa ƙauyukan da ba su san hawa ba balle sauka. Matan ruga suka daina kawo nono. Wannan kakar karan gonarmu ya bushe a tsaye, ba dabbar da ta ci.

Wata rana da azahar Baffa ya shigo ta bayan gida, ta gonar rogo, shi da kullum ta zaure yake sallama. Ya rame. Ya ce sallama ya zo yi, za su tashi, bai san inda za su tsaya ba. Baba ya ce ya kwaso iyalinsa su zauna a gidanmu, yana so ya ga wanda zai taɓa su. Baffa ya girgiza kai, ya ce in ya zauna zai jawo wa Baba, kuma a cikin jikokin 'yan'uwansa akwai waɗanda suka shiga daji, ba ya iya kallon mutanen garin nan. Inna ta dama fura da ruwa, don babu nono, suka sha. Ya shafa kan 'yata, ya fita ta inda ya shigo. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Mu ma ba mu daɗe ba. Aka kai hari ƙauyen da ke gaba da namu, aka fara ɗauke mutane a gona, noma ya gagara. Muka kwashe abin da mota za ta iya ɗauka muka koma Anka, muka bar gidan da jar ƙasarsa da rumbunan da ba komai a ciki. Wani ɗan'uwan mijina ya ba mu ɗakuna biyu.

A can Baba ya tsufa da sauri. Rediyon dai bai rabu da shi ba, kuma tsoron bam bai bar shi ba. Yakan ce ranar da wani mahaukaci a cikin manyan nan ya danna, ba wanda zai tsira, har mu da ba a san da zamanmu ba. Amma na lura ya daina cewa mu ma mu mallaki namu. Wata la'asar ana labarin wata ƙasa da ta gwada sabon makami, ina tsince shinkafa kusa da shi, na tsokane shi na ce ko har yanzu yana nan kan bakansa. Har na ɗauka kunnen hagun na yi wa magana, sai ya sauke rediyon daga kunnensa.

"In an ba mu shi yau, ɗiyata, a kan wa za mu jefa shi?" ya ce. "Waɗanda sunka kore mu, na san iyayen wasunsu. Na ci tuwon sunan wasu."

Na yi ta juya wannan magana shekaru. Ban ce Baba ya yi kuskure da tsoronsa ba, makamin yana nan, masu shi suna nan, kuma ba su fi sauran mutane hankali ba. Amma abin da na gani da idona shi ne gari na iya ƙarewa ba tare da an ji ƙara ba. Yara su mutu ko su tashi da rauni, gona ta koma daji, maƙwabci ya ji tsoron sallamar maƙwabci, makaranta ta zama wurin kwanan 'yan gudun hijira. Idan haka ta faru a ƙauye ɗaya, sai a ce ƙaddara. Ban san ƙauyuka nawa za ta ci kafin a kira ta da wani suna ba.

Baba ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Ya so a kai shi gida a binne kusa da iyayensa, hanya ba ta yiwu ba, a Anka aka yi masa sutura. Inna tana nan tare da mu, ba ta cika magana ba.

Ni kuma na samu koyarwa a wata firamare. A ajina nakan gane yaran da suka fito daga ƙauyukan nan tun kafin a gaya mini, daga yadda suke kallon allo, da yadda harafi ke zille musu bayan sun kama shi. Wasu malamai kan gaji su ce ba sa ja. Ni nakan mayar da su layin gaba, in sake faɗa, in sake. Wasu suna kamawa daga baya, wasu ba sa kamawa, amma suna zuwa kullum da wankakkun kaya.

'Yata ta zama budurwa yanzu. Karatun boko bai zauna mata ba, sai muka kai ta wurin wata maƙwabciya mai ɗinkin hula. Aikinta a hankali yake, amma layinta ba ya karkacewa, har an fara tambayar nata a kasuwa. Abin da ke ba ta wahala shi ne zura zare a allura, saboda rawar hannun. Takan daɗe tana gwadawa, zaren yana kaucewa, tana lasar bakinsa tana sakewa. Da farko nakan karɓa in zura mata. Wata rana ta riƙe allurar ta ƙi saki, ta ce, "Bari." Tun daga ranar nakan zauna kusa da ita da aikin 'yan ajina a cinya, ina yi ina satar kallonta, har zaren ya shiga.